Ɗalibi Ɗaya Mai Hannu Tamanin

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi a makarantarmu. Da na yi ritaya aka riƙe ni akawu, don an rasa wanda zai ja layi a rajista bai karkace ba. Mu da muka yi makarantar mishan da rula aka koya mana ja layi, da ita kuma ake gyara mana yatsu in ya karkace. Daga teburina da ke bakin ƙofar ofis na ga duk abin da zan faɗa, kuma ban ƙara masa gishiri ba. Da gishirinsa ya zo.

A zangon ƙarshe na bara hedimasta ya ce zai ajiye aiki. Kujera ɗaya, masu nema biyu. Akwai Malamar aji biyar, wadda ba a jin muryarta daga waje amma yaranta ke cinye jarrabawa. Akwai kuma mataimakin hedimasta, wanda muke kira Malam Zamani, don ba ya jera magana uku bai ce zamani ya canja ba. Aka ce Sufeto za ta zo ranar Alhamis ta mako na shida ta duba aikin kowa, abin da ta rubuta shi zai raba gardama.

Ana haka Malam Zamani ya je taron bita na kwana uku. Ya dawo da satifiket, da wata igiya a wuya mai ɗauke da hotonsa, wadda ya ƙi cirewa. A bayansa mota ta sauke kwali huɗu: kwamfutar hannu arba'in, kyautar wata ƙungiya, kowace da manhajar koyon lissafi a ciki. Ya tara mu a ɗakin malamai.

Ya ce, "Malamai, ku yi wa alli ban kwana. Daga yau yaro shi zai koya wa kansa. Mai sauri ya ruga, mai nawa ya rarrafa, na'ura ta san kowa. Har wata magana na ƙirƙiro a mota muna dawowa: kowa da saurinsa. Ku rubuta."

Babu wanda ya rubuta.

Malamar aji biyar ta ce, "To mu me za mu riƙa yi?"

"Ku huta. Kin gaji, Malama, a fuskarki nake gani."

"Ban gaya maka na gaji ba."

"Ki ba ni lissafin aji biyar na mako shida. Ranar da Sufeto ta zo, yaranki za su yi lissafin da ke ba ki taɓa jin sunansa ba."

Hedimasta, wanda hankalinsa ya riga ya tafi gona, ya ce a gwada.

A cikin kwalin farko na ga littafin bayani, shafi sittin da huɗu, ko ledarsa ba a ɓare ba. Na miƙa masa.

"Baba Akawu, wannan na waɗanda ba su je taro ba ne."

"To ai shi ya sa nake so in karanta, ɗana."

Ya karɓe shi daga hannuna, ya cusa ƙarƙashin ƙafar teburinsa da ke girgiɗi. Teburin kuwa ya tsaya sarai, ba zan ɓoye gaskiya ba.

Washegari ya zo teburina karɓar sunaye, don kowane yaro sai an buɗe masa shafinsa: suna, shekaru, hoto, kalmar sirri, da lambar wayar uwa ko uba. Yaron farko ya ci minti goma sha ɗaya. Na biyu ya ci goma sha huɗu, don na'ura ta ƙi kalmar sirrin har sau uku. Ana cikin na uku ya ajiye.

"Baba, sha ɗaya sau arba'in nawa ne?"

"Ɗari huɗu da arba'in. Awa bakwai ke nan da minti ashirin."

"Awa bakwai! A wannan zamani?"

Ya goge shafi ukun, ya buɗe ɗaya tak da sunansa. Ya sa shekarunsa, arba'in da shida. Ya gyara igiyar wuya ya ɗauki kansa hoto. Gurbin lambar uwa ko uba ya sa tasa, na'ura ta ce an riga an sa wannan a sama, sai ya sa ta yayarsa. Sa'an nan ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ya shigar da su duka cikin wannan shafi.

Na ce, "Anya haka aka ce a yi?"

"Mutum ɗaya ya je taro, Baba, suna ɗaya ya isa. Wannan dabara ko masu manhajar ba su yi tunaninta ba."

Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Ita manhajar kamar matakala take. Ka ci tambaya uku a jere, ta hau da kai mataki. Ka faɗi uku, ta sauko da kai. An yi ta don ƙafa biyu, ga shi an ɗora yara arba'in a mataki guda.

Ranar Litinin ya juya allon ajin ya fuskanci bango, ya raba na'urori, ya fito baranda ya harɗe hannu. 'Yar mai gyaran keke, wadda ta fi kowa kai, ta ci uku nan take, sai ajin gaba ɗaya ya tsinci kansa a lissafin rabi da kwata. Wani ɗan baya da ke ƙirga da yatsu ya ga abin da bai taɓa gani ba, ya danna abin da hannunsa ya kai, maƙwabtansa suka taya shi, sai ajin ya gangaro aji uku.

"Wa ya jawo mu ƙasa?"

"Ba ni ba ne, wannan mai ƙaton kan ne!"

"Ke kika kai mu sama, wa ya aike ki?"

Kafin a kaɗa ƙararrawa an yaga riga biyu, an murɗe kunne ɗaya. Na leƙo na ce masa ana dambe a ajinsa.

"Gasa ce, Baba. An gaya mana a taro za a ga haka."

Ranar Laraba faɗa ya tsaya cak. Yaran sun gangara har mataki na ƙasa, suka tarar da abin da babu a sama: wata agwagwa mai jar hula, wadda ke fitowa ta yi rawa, ta yi waƙar ɗaya zuwa goma. A sama ba kome sai dogayen tambayoyi. Nan suka yi shawarar da manya ke kwana uku ba su cim ma irinta ba: duk wanda ya ba da amsa daidai, za a gamu da shi lokacin tashi. Daga ranar, ƙarfe goma na yi, sai ka ji aji biyar ya ɗauka da murya ɗaya, ɗaya, biyu, uku, har da tafi.

Malam Zamani ya jawo hedimasta baranda. "Ranka ya daɗe, saurara. Ka taɓa jin ana dariya a darasin lissafi?"

Malamar aji biyar tana tsaye bakin taga tana sauraron yaran da ta shekara tana koya wa rabawa. Murfin biron da ke bakinta ne na ga ta tauna har ya tsage.

A mako na uku Yaya ta iso. Yadi take sayarwa a kasuwa, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, kuma ko gaban wa Auta take ce masa. Ta shigo ɗakin malamai da waya a hannu ɗaya, ƙullin leda a ɗaya.

"Ina Auta? Auta, zo ka gaya mini yaushe na haife ka."

"Yaya, muna aiki. Mu je waje."

"Nan za mu yi ta. Baba, kai ka iya karatu, karanta musu."

Ta miƙo mini wayar, na sa tabarau na karanta saƙon: "Ɗanku ya yi karatu awa ɗari biyu a wannan mako. A riƙa bari yana hutawa, yana shan ruwa."

Na ɗaga kai na ce, "Mako kuwa awa ɗari da sittin da takwas ne." Ban faɗa don tsokana ba, adadin ne ya dame ni.

"Ci gaba, Baba, akwai na ƙasa."

"Ɗanku yana fama da ɗebewa. A taimaka masa a gida da muraben kwalba, yana ƙirgawa yana cirewa."

Ta kwance ledar ta zazzage a kan tebur. Murabe suka watse, wasu suka gangara ƙarƙashin kujeru.

"Ga su nan. Mai takalma ne ya fara karanta mini, kafin azahar layinmu kaf ya ji. Kowa ya kawo nasa. Mai agogo ya ce a gaishe ka, ya ce kada ka karaya, shi ma nasa ɗan sai da ya kai shekara tara."

"Yaya, kuskuren na'ura ne."

Malamin aji biyu ya ce, "Ba kai ka ce na'ura ta san kowa ba?"

"Ta san kowa mana!"

Yaya ta ce, "To ashe ta san ka."

Da ta tafi, Malamar aji biyar ta same shi yana tsintar murabe. Ta ce masa a hankali, in ya yarda ita da ni za mu zauna mu buɗe wa kowane yaro shafinsa, awa bakwai ba ta kashe kowa. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"In buɗe sabo awowina su koma sifiri? Malama, na gane ki. Ranar da Sufeto ta zo, awa dubu zan nuna mata. Wace makaranta ke da awa dubu? Mataki kuwa ni da kaina zan mai da shi sama, aikin safiya ɗaya ne."

Ran Asabar ta mako na biyar na zo cike rajistar halarta, na tarar da shi a ofis tun ƙarfe takwas, kwamfuta ɗaya a gabansa, ya naɗe hannun riga. Sauran talatin da tara suna ɗakin mai gadi, don nan ne kawai soket ke da wuta. Zuwa ƙarfe goma ya kai aji uku. Sai na ji ya yi gyaran murya.

"Baba, wani yaro ne ya tambaye ni, ɗari bakwai da ashirin da takwas a raba gida goma sha huɗu."

"Hamsin da biyu. Wane yaro ne ya zo makaranta ran Asabar?"

"A waya ya tambaya."

Ya danna, ya hau mataki, ya yi murmushi. Kafin murmushin ya gama sauka, na'ura ta dawo da shi aji biyu. Ya sake hawa, ta sake saukewa. Ya hau, ta sauke. Ya girgiza ta, ya hura mata iska, ya ɗaga ta wajen taga. Wajen ƙarfe ɗaya gumi ya jiƙa igiyar wuyan, sai iska ta kawo mana wata waƙa daga bakin ƙofar makaranta: ɗaya, biyu, uku.

Muka fita. Mai gadi na zaune a benci da kwamfuta a cinya, mai wankin mota na tsallaken titi na da ɗaya, wani dattijo mai jiran mota shi ma an ba shi ɗaya don kada ya gaji da jira.

Mai gadi ya ce, "Ranka ya daɗe, zo ka ga ikon Allah. Tsuntsuwar nan, ko ina ka taɓa, in ka yi sau uku sai ta fito ta taka. Ɗazu ta riƙa ɓacewa, wani mugu ne ke korar ta, amma mu uku muka taru muka fi ƙarfinsa."

"Ni ne mugun!"

"Ashe? To wallahi ka yi ƙoƙari, ranka ya daɗe. Sau tara muna kayar da kai."

Ya kwashe na'urorin ya kulle a kabad, ya rataya makullin a igiyar wuya. Litinin, Talata, Laraba, yara suka zauna awa guda-guda suna kallon bayan allo, shi kuwa yana ofis yana hawa. Tambayoyin da wannan yaro na waya ya aiko mini a kwana ukun nan, na ƙirga, sittin da ɗaya ne. Laraba da la'asar ya kai aji biyar, mataki na ƙarshe. Ya fito ya tsaya a baranda kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Alhamis aka jera benci a babban ɗaki. Iyaye suka cika baya, Yaya a tsakiyarsu. Sufeto ƙaramar mace ce mai tabarau, ta zauna gaba da littafi a cinya, hedimasta a gefenta. An kafa majigi yana fuskantar farin bango. Malam Zamani ya raba wa yara na'urorinsu, ya kashe sautin kowace, ya ce kada wanda ya taɓa sai ya ba da izini. Sa'an nan ya juya musu baya ya fara jawabi.

Minti ashirin da biyar ya yi. Ya yi maganar jirgin sama, ya yi maganar alli da tarin da yake sa malamai, ya ce wasu tsofaffin hannu za su ji haushi amma zamani ba ya jiran kowa. Ya ce a rubuta maganar da ya ƙirƙiro a mota. Ni ina zaune a gefe inda nake hango gilasan na'urorin. Yaran nan kwana biyar ba su ga agwagwarsu ba. Ba wanda ya ɗaga kai, ba wanda ya yi motsi, yatsu ne kawai ke aiki a ƙarƙashin benci. Aji huɗu ya wuce a minti na shida. Aji uku a na goma sha ɗaya. Na ɗaga hannu in yi masa ishara.

Ya ce, "Tambaya sai an gama, Baba."

Na sauke hannuna.

Da ya gama, Sufeto ta nuna 'yar mai gyaran keke da bakin biro. "Nuna mini shafin wannan yarinya."

"Ranki ya daɗe, mun haɗe su wuri ɗaya, don haɗin kai."

"Wuri ɗaya?"

"Yanzu za ki gani da idonki."

Ya kunna majigi, ya ƙure lasifika. Fuskarsa ta bayyana a bango, faɗinta ya kai ƙofa biyu, da igiya da murmushi. Wata murya mai daɗi irin ta masu lallashin yara ta karanta sunansa cikakke, ta ci gaba: "Shekara arba'in da shida. Lokacin karatu, awa dubu da goma sha tara. Matsayi, aji ɗaya, mataki na biyu. Ya fara gane bambancin shida da tara. Madalla da wannan ƙoƙari!"

Sai wani uba a baya ya yi tari, tarin ya rikiɗe, benci ya ɗauka, na bayansa ya karɓa. Hedimasta ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa.

"Sharri ne! Jiya a aji biyar na bar ta!"

Sufeto ta ce, "Kai ka bar ta? Na ɗauka yara ke karatun."

"Ranki ya daɗe, akwai gwajin tsallake, yanzu zan mai da ita. Ku yara, kowa hannu a ka!"

Hannu tamanin suka hau kai. Ya danna. Tambaya ta fito a bango, manyan baƙaƙe: bakwai sau takwas. Amsa huɗu a ƙasa. Na san ya san ta, don na koya masa da kaina shekara talatin da shida da suka wuce. Amma ido ɗari biyu na kansa, yatsansa ya tsaya a iska. Sai raɗa ta taso daga bencin yara, a hankali, da murya ɗaya, kamar masu son taimako: "Hamsin da huɗu, Malam. Hamsin da huɗu."

Ya danna hamsin da huɗu.

Yaya ta miƙe daga baya. "Hamsin da shida, Auta! Ni da ban yi aji ko ɗaya ba! Me ka yi da muraben?"

Agwagwa ta fito a bango, tsayinta ya kai mutum, ta cire jar hula ta rusuna. "Kada ka damu, ƙaramin aboki. Kowa da saurinsa." Ta fara rawa. Yara arba'in, hannu a ka, suka ɗauki waƙa.

Sufeto ta jira aka kai goma. Ta duba littafinta. "Ba wannan ce maganar da ka ƙirƙiro a mota ba?"

"A bakina ta ji, ranki ya daɗe."

Ta sa aka kashe majigi, aka ɗauko allo daga aji biyar aka juyo fuskarsa. Ta rubuta rabawa guda ɗaya, ta ba da minti biyar. Yara tara suka ci. Ta tambayi Malamar aji biyar nawa ke ci a da. Malama ta buɗe littafin makinta ta miƙa: talatin da huɗu. Ni ban yi dariya a nan ba. Yaro ashirin da biyar ba ƙaramin abu ba ne a zubar a mako shida.

"Za ki iya dawo da su?"

"Zango ɗaya, ranki ya daɗe, in an bar mini na'urorin. Kowane yaro da shafinsa, rabin awa a rana, ina tsaye a kansu."

Sufeto ta rubuta layi biyu ta rufe littafi. Da za ta shiga mota ta ce wa Malam Zamani ya rubuto mata duk yadda ya yi, daki-daki, kada ya tsallake kome, tana so sauran makarantu su gani. Ya rusuna har igiyar ta taɓa ƙasa. Shafi goma sha biyu ya aika.

Juma'a ta sama takarda biyu suka iso teburina. Ta farko ta ba Malamar aji biyar kujerar hedimasta. Ta biyu kuwa irin wadda ake zagayawa da ita makarantu ce, za a karanta a taron malamai na makarantu sittin ranar Litinin, da shafi goma sha biyunsa manne a baya. Lokacin tashi na same shi a bakin ƙofa, ya tara iyaye biyar da mai gadi.

"Kujera? Ni na ce a ba ta. Mutumin da za a karanta aikinsa a makaranta sittin ina shi ina zaman ofis? Baba Akawu, zo ka gaya musu, ba gaskiya ba ne?"

Na ce, "Gaskiya ne, ɗana. Sittin cif."

Ni na buga wa takardar hatimi, na ga abin da aka rubuta a kanta da jan biro, an ja masa layi biyu: Yadda Ba A Yi. Ban gaya masa ba. Na bar shi ya ci hutun Asabar da Lahadi.